Ƙarar Ɗan Doka a Ƙasar Batsari da Safana

Duk wanda ya bi labarin shari'a a yammacin Katsina zai tarar da wani abu mai ban mamaki, watau an daɗe ana kukan dukan 'yan doka, amma da wuya ka ji an ce wane ya kai ɗan doka ƙara har an biya shi diyya. Wasu su kan ce haƙurin talakawa ne. Mu kuwa a ganinmu dalilin yana cikin tsarin mulkin kansa.

A zamanin Turawa ƙasar Batsari tana hannun Sarkin Ruma, ta Safana kuwa tana hannun Yarima, dukansu ƙarƙashin En'e ta Katsina. 'Yan doka na En'e ne, alƙali na En'e ne, gidan yari ma nata ne. Girman wannan aiki ya kai ga a 1929 Sarki Muhammadu Dikko ya ɗora ɗansa Usman Nagogo a kan 'yan doka, shi ne kuwa ya gaji sarauta a 1944. To, mutumin ƙauye da a ka ɗaure da igiya saboda haraji ko jangali, gaban wa zai kai kuka? Iyakarsa dai ya tari Di'o a wajen rangadi, shi kuwa Di'o sau da yawa ya kan mai da maganar ga hakimi.

A dokar Ingila, wadda kotun Joji ke bi, akwai ƙofar neman diyya a kan ƙarar ƙage. Amma sai mai kuka ya tabbatar da abu huɗu: wanda ya ke ƙara shi ya tayar da shari'ar, an wanke shi a ƙarshenta, ba wani dalili mai ƙarfi na zarginsa, sa'an nan da mugun nufi a ka yi. Sharaɗi na biyu shi ne gagara-badau. Tun da a ka kafa NEPU a Kano a 1950, mabiyanta suka yi ta shan ɗauri a kotunan alƙalai a kan zagin sarakuna ko yin taro ba izini, ga shi kuma ba a yarda lauya ya tsaya a can ba. Wanda a ka ɗaure ba a wanke shi ba, wanda ba a wanke ba kuwa ba shi da bakin ƙara. Ban da wannan, dokar kare ma'aikatan hukuma ta ƙayyade wata 3 kacal don shigar da ƙara, mutum yana iya cinye su duka a kurkuku.

Kwamitin Willink na 1957 zuwa 1958 ya ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin ɗan'adam cikin tsarin mulki, aka kuwa sa su a na 1960. Bayan juyin mulkin 1966, a kan shawarar kwamitin Yusufu Gobir, aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, kotunan alƙalai kuma suka fita daga hannun En'e a 1968. Tsarin mulkin 1999 ya hana azabtarwa a sashe na 34, a sashe na 35 kuma ya wajabta diyya da ba da haƙuri a fili ga wanda a ka tsare ba bisa doka ba.

Sai dai ƙarar ba ta shiga sai a Babbar Kotu, da takardun rantsuwa cikin Turanci. A shekarun da ɓarayin daji suka addabi ƙauyukan bakin Dajin Rugu, masu kama mutane sun ƙaru, ga 'yan sanda, ga soja, ga 'yan sa-kai, ga kuma rundunar tsaro da gwamnatin Katsina ta kafa a 2023. Manomin da a ka zarga da zama ɗan rahoton ɓarayi, ko makiyayin da a ka kama a kasuwa, in ya samu ya kuɓuta, da wuya ya sayar da buhun geronsa don ya ɗauki lauya a Katsina.