Joseph Fourier da Gadonsa a Fiziks da Lissafi Mai Zurfi

Jean-Baptiste Joseph Fourier (1768–1830) masanin lissafi ne ɗan ƙasar Faransa, wanda ya yi suna saboda binciken da ya gudanar a kan yadda zafi ke ratsa daskararrun abubuwa irin su ƙarfe da dutse da ƙasa, da kuma dabarar da ya fito da ita a cikin wannan bincike, wato warware lanƙwasa mai sarƙaƙiya zuwa tarin igiyoyi masu sauƙi waɗanda ake iya lissafa kowace ɗaya ita kaɗai. Dabarar ta riga hujjarta isowa, domin ta riƙa ba da amsoshin da suka dace da gwaji tun ba a san iyakar ingancinta ba, saboda haka masana fiziks suka ɗauke ta suka yi ta aiki da ita a fagagen da ba su da alaƙa da zafi, yayin da masana lissafi suka shafe fiye da ƙarni guda suna neman tabbatar da ita.

Rayuwarsa

An haifi Fourier ranar 21 ga Maris 1768 a garin Auxerre. Mahaifinsa tela ne, kuma iyayensa biyu sun rasu tun yana yaro ƙarami. Ya yi karatu a makarantar soja ta garin, wadda malaman ɗariƙar Benedikt ta Kirista ke gudanarwa, sannan a 1787 ya shiga gidan ibadarsu da ke Saint-Benoît-sur-Loire da niyyar zama ɗaya daga cikinsu, sai dai ya fita a 1789 ba tare da ya ɗauki alkawarin shiga ɗariƙar ba. Juyin juya halin Faransa ya ja shi cikin siyasa, ya zama ɗan kwamitin juyi na garinsu a 1793, aka tsare shi a 1794, kuma bai shaƙi iskar 'yanci ba sai bayan faɗuwar jagoran juyin, Robespierre. A 1795 ya shiga makarantar horar da malamai ta École Normale a Paris, inda ya zauna gaban manyan malamai uku, Lagrange da Laplace da Monge, daga baya kuma ya koyar a École Polytechnique.

A 1798 yana cikin tawagar masanan da Napoliyon ya tafi da su lokacin da ya kai yaƙi Masar, inda aka naɗa shi sakataren cibiyar bincike da Faransawa suka kafa a Alƙahira. Bayan komawarsa gida a 1801, Napoliyon ya ba shi gwamnan lardin Isère mai hedkwata a Grenoble a 1802. A wannan muƙami ya jagoranci busar da fadamun Bourgoin aka mayar da su gonaki, ya kula da aikin hanyar da ta nufi Turin, ya rubuta gabatarwar tarihi ta babban kundin da Faransawa suka wallafa a kan Masar, ya kuma ƙarfafa wa saurayi Champollion gwiwa, wanda a 1822 ya gano yadda ake karanta rubutun Fir'aunoni. Duk binciken zafi da ya ɗaukaka sunansa a tsakanin waɗannan hidimomin mulki ya fara shi. Bayan faɗuwar Napoliyon a 1815 ya koma Paris ya shugabanci ofishin ƙididdiga na lardin Seine, aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa a 1817, ya zama sakatarenta na dindindin a 1822. Ya rasu a Paris ranar 16 ga Mayu 1830, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise, kuma sunansa na cikin sunayen masana 72 da aka rubuta a jikin hasumiyar Eiffel.

Nazarin zafi

A zamanin Fourier masana na jayayya a kan ko zafi wani irin ruwa ne da ido ba ya gani, ko kuwa motsin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa abu ne. Shi bai shiga wannan gardama ba, ya tsaya ga abin da ma'aunin zafi ke iya nunawa. Ƙa'idar da ya kafa, wadda har yau ake kira dokar Fourier, ta ce yawan zafin da ke ratsa wani wuri a cikin wani lokaci ya dogara ne ga yadda bambancin zafi ya tsananta tsakanin sassa biyu masu maƙwabtaka, da kuma halin shi abin da zafin ke ratsawa, shi ya sa tagulla ke saurin ɗaukar zafi fiye da katako. Daga nan ya fitar da abin da ake kira daidaiton zafi, wato jumlar lissafi mai nuna cewa kowane gurbi a cikin abu zafinsa na ƙaruwa idan ya gaza matsakaicin zafin maƙwabtansa, yana kuma raguwa idan ya ɗara shi. Yana kuma cikin waɗanda suka fara shimfiɗa ƙa'idar cewa ɓangarori biyu na kowane daidaito a fiziks dole su zo da ma'aunai iri ɗaya na tsawo da lokaci da zafi, in ba haka ba akwai kuskure a lissafin.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajensa ya isa ya nuna yadda tunaninsa ke tafiya. Ya sami zoben ƙarfe, ya huda ramuka a jikinsa ya sanya ma'aunan zafi, ya gasa wani ɓangare, sannan ya bi yadda zafin ke zagayawa. A lissafi sai ya ɗauki rabuwar zafin da aka fara da ita, komai rashin tsarinta, a matsayin jimillar igiyoyi: ta farko tana hawa da sauka sau ɗaya a zagayen zoben, ta biyu sau biyu, ta uku sau uku, har abin da ba iyaka. Amfanin wannan rarrabawa shi ne kowace igiya na dusashewa ita kaɗai ba tare da ta shafi 'yar'uwarta ba, kuma ta fuskar bazuwar zafi cikin ƙarfen, ta biyu ta ninka ta farko saurin dusashewa sau huɗu, ta uku sau tara. Ke nan bayan ɗan lokaci ƙananan igiyoyin duk za su ɓace a bar ta farko kaɗai, gefe ɗaya na zoben da ɗumi, ɗaya gefen da sanyi, kuma haka ma'aunan suka nuna.

Igiyoyin da ake magana a kansu su ne waɗanda ake kira sayin da kosayin a lissafin kusurwoyi, wato lanƙwasa mai hawa da sauka bi da bi cikin santsi, kuma jimillarsu ita ce ake kira jerin Fourier. Misalin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne wanda ya haɗa igiya ta ɗaya, ya debe sulusin ta uku, ya ƙara humusin ta biyar, ya ci gaba a haka, sai jimillar ta zama miƙaƙƙen layi wanda ke faɗowa farat ɗaya zuwa wani miƙaƙƙen layin a ƙasa. Kunne ma na yin irin wannan tantancewa ba tare da mai shi ya sani ba, domin idan algaita da sarewa suka busa murya ɗaya, igiyar tushe iri ɗaya ce, kuma abin da ya bambanta amonsu shi ne ƙarfin ƙananan igiyoyin da ke biye da ita.

Takaddama da manyan malamai

Tunanin tara igiyoyi bai faɗo daga sama ba. Tun a tsakiyar ƙarni na 18 d'Alembert da Euler da Daniel Bernoulli sun yi muhawara a kan kaɗawar tsirkiyar kayan kiɗa, inda Bernoulli ya ce a 1753 kowace kaɗawa jimillar kaɗawa ce masu sauƙi, sauran suka ƙi amincewa. Da Fourier ya miƙa rubutunsa ga majalisar masana a Disamba 1807, alƙalansa su ne Lagrange da Laplace da Monge da Lacroix, kuma Lagrange ya tsaya kai da fata cewa igiyoyi masu santsi ba za su taɓa haifar da layi mai kusurwa ko tsalle ba, don haka ba a buga aikin ba. Majalisar ta sanya gasa a kan batun zafi, Fourier ya lashe kyautar a 1812, amma alƙalan suka haɗa da sukar cewa hujjojinsa ba su cika ba. Littafinsa, Théorie analytique de la chaleur, bai fito ba sai a 1822. Kowane ɓangare na da nasa kason gaskiya: Fourier ya yi daidai cewa jerin na iya wakiltar layi mai tsalle, masu suka kuma sun yi daidai cewa bai tabbatar da iƙirarinsa na cewa dabarar ta game kowace irin lanƙwasa ba.

Gadonsa a lissafi

Cike wannan giɓi shi ya tilasta wa masana sake duba tushen lissafinsu. A 1829 Bajamushe Dirichlet, wanda ya zauna a Paris ya kuma san Fourier, ya kawo sharuɗɗa na farko masu ƙwaƙƙwarar hujja waɗanda idan sun cika jerin zai kai ga amsar da ake nema, kuma aikinsa ya taimaka wajen faɗaɗa ma'anar fankshan, wato duk wata ƙa'ida da ke haɗa kowace lamba da wata lamba guda, ko da ba a iya rubuta ta da gajeriyar jumla. A 1854 Riemann, yana nazarin wannan jeri, ya ba da tsayayyar ma'anar intigiral, wato hanyar auna faɗin filin da ke ƙarƙashin lanƙwasa ta hanyar yanka shi siri-siri a tara. A farkon shekarun 1870 Cantor ya tambayi ko lanƙwasa ɗaya na iya samun jeri biyu mabambanta, kuma bin diddigin guraben da jerin ke iya gazawa ya kai shi ga ilimin tari marasa iyaka, wanda a yau shi ne harsashin lissafin zamani.

Abin bai tsaya nan ba. A 1873 du Bois-Reymond ya nuna akwai lanƙwasa marar yankewa wadda duk da haka jerinta ke bauɗewa a wani gurbi, a 1902 Lebesgue ya kawo sabon intigiral da ya fi na Riemann faɗi, a 1923 kuma Kolmogorov na Rasha, yana ɗan shekara ashirin, ya wallafa misalin fankshan da jerinta ke bauɗewa kusan ko'ina. Sai a 1966 Lennart Carleson na Suwidin ya tabbatar da cewa ga babban rukuni na fankshan, wanda ya ƙunshi duk masu lanƙwasa marar yankewa, jerin na kaiwa ga amsa a kusan kowane gurbi.

Gadonsa a fiziks da fasaha

Masana fiziks ba su jira waɗannan hujjoji ba. Ohm ya kwaikwayi tsarin Fourier wajen fitar da dokarsa ta gudanar lantarki a 1827, Fick ya yi haka a 1855 ga bazuwar narkakken abu kamar gishiri cikin ruwa, William Thomson kuma, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya yi amfani da daidaiton zafi wajen lissafa jinkirin saƙon tangaraho a wayar ƙarƙashin teku, da kuma ƙiyasta shekarun duniya a 1862, ko da yake adadin da ya samu ya gaza na gaskiya nesa ba kusa ba. Shi kansa Fourier ya lissafa yadda zafin rana ke nutsewa cikin ƙasa, yana raguwa yana kuma makara gwargwadon zurfi, kuma lissafin ya nuna sauyin zafi na shekara na kaiwa zurfin da ya ninka na yini kusan sau 19. Wannan jinkiri ne ke sa ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya yi sanyi da tsakar rana, ya kuma saki ɗumi bayan dare ya yi.

A rubuce-rubucensa na 1824 da 1827 ya lura cewa duniya ta fi ɗumin da hasken rana kaɗai zai ba ta, ya kuma kawo yiwuwar cewa iskar da ke lulluɓe da ita tana barin haske ya shigo amma tana tare zafin da ke ƙoƙarin fita. Bai san waɗanne iskoki ke yin hakan ba. Gwaje-gwajen Eunice Foote a 1856 da John Tyndall a 1859 ne suka nuna rawar tururin ruwa da iskar kabon, sannan Arrhenius ya yi lissafin tasirin kabon a 1896, amma daga Fourier ake fara kirga tarihin ilimin ɗumamar yanayi.

A ƙarni na 20 dabarar ta shiga fiziks na kwantam, wato nazarin ƙwayoyin zarra da abin da ya gaza su. Ƙa'idar rashin tabbas da Heisenberg ya bayyana a 1927, cewa ba a iya sanin wurin ƙwaya da ƙarfin tafiyarta tare daidai wa daida, a lissafi ta samo asali ne daga wani hali na juyin Fourier, wato faɗaɗa jerin zuwa abubuwan da ba sa maimaituwa: duk abin da aka matse a wuri ɗaya sai ya buƙaci igiyoyi masu yawa kafin a haɗa shi. Da wannan lissafi ne Dorothy Hodgkin ta gano tsarin ƙwayoyin maganin penisilin da bitamin B12 daga yadda hasken eksire ke warwatsuwa, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 1964.

Zuwan kwamfuta ya ƙara wa dabarar ƙarfi. A 1965 Cooley da Tukey a Amurka suka wallafa gajeriyar hanyar yin wannan lissafi, wadda daga baya aka gano masanin lissafi Gauss ya san irinta tun wajen 1805. Bayanai miliyan ɗaya da a da za su ci ayyukan lissafi kusan tiriliyan ɗaya, da sabuwar hanyar kimanin miliyan 20 suke ci. A kan wannan da danginsa ne aka gina matse hotuna na JPEG, da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti, da rarraba saƙo a kan igiyoyi masu yawa a Wi-Fi da layin 4G.

Matsayinsa a tarihin ilimi

Fourier na da ra'ayin cewa zurfafa nazarin halitta shi ne babban tushen sababbin abubuwa a lissafi, ra'ayin da masanin lissafi Jacobi ya soka a wata wasiƙa da ya aika wa takwaransa Legendre a 1830, inda ya nuna cewa darajar hankalin ɗan'adam ita kaɗai ta isa dalilin neman ilimi, ko da ba a ga amfaninsa ba. Fagen da ya tsiro daga aikin Fourier, wanda ake kira nazarin igiyoyi masu jituwa, ya ci gaba da ɗauke da masu ra'ayin biyu: an ba Carleson kyautar Abel a 2006 saboda hujjojinsa a tsantsar lissafi, aka kuma ba Bafaranshe Yves Meyer ita a 2017 saboda aikinsa a kan gajerun igiyoyi, waɗanda injiniyoyi ke amfani da su wajen tace sauti da matse hoto.