Tarihin soket: dalilin da ya sa wata kwamfutar ke karɓar sabon furosesa, wata ba ta karɓa

Kafin ka kwashi kuɗinka ka sayo sabon furosesa don gem ya daina sarƙewa a kwamfutarka ta tebur, fara sanin gurbin da zai zauna a kan madabod. Sunansa soket, kuma tarihinsa kusan duk rigimar kasuwa ce.

A waya furosesa liƙe yake da dalma, sai da bulowa ake ɗaga shi. A kwamfutar tebur kuwa ɗan ƙarfe kawai za ka ɗaga ya fito. Tun 1992 Intel ta fara sayar da OverDrive, furosesan da aka yi musamman don masu 486 su ƙara wa kwamfutarsu gudu ba tare da sun sayi wata ba. A 1995 aka fito da Socket 7, wanda ya zama kamar tashar mota: Pentium na Intel ya shiga, K5 da K6 na AMD su shiga, 6x86 na Cyrix ma haka. Madabod ɗaya, kamfani uku, kai ne da zaɓi.

Abin bai daɗe ba. A 1997 Intel ta kawo Pentium II a cikin wani gida mai kama da kaset, ana soka shi a tsaye a Slot 1, ta kuma hana abokan hamayyarta amfani da shi. AMD ta ɗan lallaɓa da tsohon soket, sannan a 1999 ta yi nata Slot A saboda Athlon. Daga nan aka raba gari har yau.

Ita Intel ta saba canza soket duk bayan zubi biyu: LGA 1155 a 2011, 1150 a 2013, 1151 a 2015, 1200 a 2020, 1700 a 2021. Lambar yawan fil ɗin da ke cikin soket ɗin ce. Na 2017 ne ya fi ba mutane haushi. Zubi na takwas ya zo da fil 1151 cif, yana zama daram a tsohon madabod, amma kwamfutar ba za ta tashi ba. Intel ta ce batun wuta ne, sai ga wasu 'yan ƙirƙire-ƙirƙire sun taɓa BIOS sun tayar da shi.

Wannan ya shafe ka kai tsaye idan 'yar Beljiyam ce a gabanka. Dell OptiPlex 7010, misali, soket 1155 gare ta, ba za ta wuce zubi na uku ba, wato ajin i7-3770. In i5-3470 ne a ciki, dukansu kwa huɗu-huɗu ne. Ni a ganina gara kuɗin nan ya tafi kan katin girafik.

Yanzu ga labarin da ya fi daɗi. AMD ta fito da soket AM4 a 2016, Ryzen na farko ya biyo baya a Maris 2017, ta kuma yi alkawarin riƙe soket ɗin har 2020. Mutane suka saya saboda alkawarin. A Mayu 2020 sai ta ce sabon zubin da ke tafe, wanda ya zama Ryzen 5000, ba zai yi aiki a madabod masu lamba 300 da 400 ba. Hujjarta ita ce guntun da ke ɗauke da BIOS a yawancinsu megabait 16 ne, ba zai ɗauki bayanan duk furosesocin ba. Jama'a suka yi mata ca a intanet. Ba a yi sati biyu ba ta janye kan masu 400, a 2022 kuma ta buɗe wa masu 300. Dabarar da aka yi ita ce goge bayanan wasu tsofaffin furosesoci daga BIOS don a sami wuri.

A Afrilu 2022 Ryzen 7 5800X3D ya fito. Gudunsa bai kai na 5800X ba, amma an ɗora masa ƙarin kash, wato 'yar ma'ajiyar da ke jikin furosesa: megabait 96 maimakon 32. Gem na yawan neman bayanai iri ɗaya, in suna kusa ba sai an je RAM ba. Shi ya sa ya yi kafaɗa da kafaɗa da i9-12900K a wasanni da yawa. Wanda ya sayi B350 da Ryzen 5 1600 a 2017, furosesa kawai ya canza, madabod da RAM suna nan. AM5 da ya gaje shi a 2022 DDR5 kaɗai yake karɓa, don haka komawa can sabon gini ne.

In za ka yi naka, buɗe CPU-Z ka ga sunan madabod da soket, ka duba jerin furosesocin da yake karɓa a shafin kamfanin. Ka sabunta BIOS tun tsohon furosesa yana ciki, don in ka riga ka sa sabon, allon zai iya zama baƙi ƙirin. Kuma don Allah a kan UPS ko inbata za ka yi, saboda in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta BIOS, madabod ɗin zai iya ƙin tashi sai an sake rubuta guntun da furogirama.