Hoto da Adana Tarihi a Birnin Sakkwato

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a Sakkwato cikin 1817, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa ya rasu a Wurno cikin 1837. Hikimar ɗaukar hoto ba ta bayyana ba sai cikin 1839, can ƙasar Faransa. Saboda haka duk hoton da ke yawo cikin wayoyin mutane ana cewa wai Shehu ne, fuskar wani bawan Allah ce aka laƙaba wa sunansa. Kamannin Bello ma ta alƙalami aka san su, kamar bayanin da Baturen nan Clapperton ya rubuta sa'ad da ya ziyarce shi cikin 1824.

Sai bayan da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903 hoto ya fara yawaita. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 har 1988, hotunansa suna nan birjik. Na talakawa ne ba su sami gata ba, gara da damshin damina sun cinye da yawa cikin adaka.

Littattafan magabata sun fi sa'a. Waziri Junaidu, wanda ya rasu cikin 1997, ya tattara su, ya tsare su, har aka sa wa gidan tarihin Jihar Sakkwato sunansa. Masu kwafar littafi sau da yawa sukan rubuta sunansu a ƙarshe, wani lokaci har da ranar gamawa. Hoton waya fa, galibi ba sunan mai shi, ba na garin da aka ɗauka, in wayar ta ɓace kuwa ba a kwafe shi wani wuri ba, ya tafi ke nan.