Kaurin Wutsiya da Ƙarfin Dafin Kunama: Nazari Domin Masu Riƙon Kunama a Yankin Kusa, Jibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta auna wata ƙa'ida da masu kiwon kunama ke dogara da ita, wato cewa mai kaurin wutsiya ita ce mai mugun dafi, siririyar wutsiya kuwa ba abin tsoro ba ce. An bi hanyar bitar binciken da masana suka wallafa, aka dubi yadda ya shafi Kusa da kewayenta a kan iyakar Nijeriya da Nijar. Sakamakon ya nuna cewa ƙa'idar tana da gaskiya ta fuska ɗaya, amma ba ta isa a jingina rai da ita ba.

Gabatarwa

Riƙon kunama ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gardawa sun daɗe suna wasa da ita a kasuwanni, yara kuma kan ɗaure ta da zare ko su jefa ta a gwangwani. A Turai da Amurka kiwonta ya zama ciniki, har ta kai an sanya babbar baƙar kunamar Afirka ta Yamma, Pandinus imperator, dangin wadda Bahaushe ke kira duwu, cikin jerin halittun da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan fataucinsu tun 1995. Binciken Chippaux da Goyffon na 2008 ya ƙiyasta harbin kunama miliyan 1.2 a duniya duk shekara, da mace-mace sama da 3,250.

Inda ƙa'idar ta yi daidai

Duwu kan kai santimita 20. Hannayenta manya ne masu kauri, da su take murƙushe abin da ta kama, don haka ba ta cika buƙatar dafi ba. Harbinta zafi ne da kumburi. Jinsin Androctonus na Hamadar Sahara kuwa hannayensa sirara ne, gaɓoɓin wutsiyarsa kakkaura masu kaifin gefe, kuma yana kisa. A 2022 Forde da abokan aikinsa a jami'ar Galway ta ƙasar Ayalan sun kwatanta nau'i 36, suka gano cewa ƙananan kunamu da masu siraran hannaye su ne suka fi ƙarfin dafi. Abin lura shi ne, hannu da girman jiki binciken ya tabbatar, ba kaurin wutsiya ba.

Inda ta rushe

Kaurin wutsiya tsoka ce da ke ba ta ƙarfin bugu. Dafin yana cikin jakunkuna biyu da ke ƙullutun ƙarshe, a gindin ƙari. Leiurus quinquestriatus, rawaya mai siririyar wutsiya, ita ce babbar hujja: kimanin miligiram 0.25 na dafinta a kan kowane kilo na nauyin jiki ya isa ya kashe rabin ɓerayen gwaji, alhali Androctonus australis mai kaurin wutsiya sai an kai kusan 0.32. Wannan ba labarin nesa ba ne, domin jinsin Leiurus yana Nijar, kuma a 2021 Wilson Lourenço ya bayyana wani sabon nau'insa daga Nijeriya. Haka Hemiscorpius lepturus ta ƙasar Iran, siririya ce, harbinta ma ba ya zafi sosai da farko, amma dafinta na ruɓar da nama ya lalata ƙoda.

Dafin dangin Buthidae, wanda Leiurus da Androctonus ke ciki, jijiyoyi yake kamawa. Gumi ya keto, yawu ya dalalo, bugun zuciya ya rikice, wani lokaci ruwa ya taru a huhu. Yaro ya fi shiga haɗari saboda ƙanƙantar jikinsa.

Abin da wannan ke nufi ga Kusa

Yankin Jibiya ƙasa ce mai yashi da ƙarancin ruwan sama, kuma hanyar Maraɗi ta ratsa ta. Kunama kan laɓe cikin itacen girki, buhunan hatsi da tabarmi, don haka wadda aka tsinta a tsakar gida ba lallai 'yar gida ba ce. Mai kallon wutsiya kawai yana iya saka mafi muni a gwangwani ya miƙa wa ɗansa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne a riƙa duba hannaye kafin wutsiya, kuma duk kunama mai siraran hannaye a ɗauke ta mai kisa ce. Iyaye su hana yara ajiye ta. Yaron da aka harba ya fara gumi ko amai, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya tsaga wurin ko ɗaure shi da tsumma.