Ruwan Ɗauraya da Tarihin Masu Wanki a Bakin Kogin Yamai

Duk wanda ya san aikin wanki ya san cewa cuɗa ce ke cin ƙarfi, ɗauraya kuma ita ke cin ruwa. Bokiti guda ya isa a jiƙa tarin kaya a sa musu sabulu, amma fitar da sabulun nan daga zaren yadi yana neman ninkin wannan ruwa sau biyu ko uku, kuma in aka yi masa rowa, farar riga ta bushe da dabbare-dabbare, mai ita ya yi ta susa. Wannan ƙaramar gaskiya ce ta tsara sana'ar wanki a Yamai tun kafuwarta. Ita ta zaɓar wa masu wanki wurin zama, ita ta ƙayyade musu lokacin samu da na rashi, kuma ita ce matsalar da masu ƙera injin wanki a Turai da Asiya suka shafe shekaru suna kokawa da ita, har suka kai ga dabarar fesa ruwa a kan kaya yayin da gangar inji ke juyawa.

Yamai ƙauyuka ne na Zabarmawa da Mauri da Fulani a gaɓar kogin Isa, irin su Gudel da Gamkalle da Saga da Lamorde, kafin Faransawa su maido da hedikwatar mulkinsu nan daga Damagaram a 1926. A ƙauye wanki aikin gida ne, mata ke yi da sabulun salo, ba wanda ke biyan wani. Abin da ya mai da shi sana'a shi ne zuwan mutanen da ke da albashi amma ba su da lokaci: jami'an mulkin mallaka masu fararen kaya da kaki, sojoji, akawuna, sannan fatake da baƙin Zango da suka baro iyalansu a gida. Garin da bai wuce mutum kimanin 30,000 ba a 1960 ya haura miliyan ɗaya a ƙidayar 2012, kuma famfo bai taɓa bin wannan gudun ba. Maza 'yan ci-rani suka cike giɓin. Suna bin gidaje suna karɓar kaya, su ɗaure su ƙunshi-ƙunshi, su gangara da su kogi. Bayan an buɗe gadar Kennedy a 1970, duk mai tsallakawa zuwa Harobanda yakan hango shanyarsu shimfiɗe a gaɓa.

Abin da kogi ya ba su ya fi yawan ruwa kawai. Idan ana ɗauraya a cikin baho, sabulun da ya fita daga riga yana nan cikin ruwan, yana komawa jikin rigar, don haka dole a zubar, a matse, a sake sabo. A ruwa mai gudu kuwa, abin da ya fita ya tafi ke nan, kuma kowane tsoma riga sabon ruwa take samu. Mai wanki da ke tsaye cikin kogi zuwa gwiwa, yana buga zane a kan dutse, ya tsoma, ya murɗe, ya sake tsomawa, yana aiki ne da ƙa'ida guda: a rage ruwan sabulun da ke cikin yadi kafin a ba shi sabo. Sai dai kogin yana da halinsa. A watannin Agusta da Satumba, rafukan Sirba da Dargol da Goruwal suna kwararo jar laka daga ɓangaren Burkina Faso, ruwa ya yi ja, farin kaya ya shiga haɗari. Daga Disamba zuwa Fabrairu ambaliyar da ta taso daga tsaunukan Gini ke isowa, bayan ta sauke yawancin lakarta a fadamun Mali, ga iskar hunturu mai busar da kaya nan da nan. Wannan ne lokacin da sana'ar ta fi daɗi, kuma shi ne lokacin da manoma ke baro ƙauye neman kuɗin rani.

Shekarar 1985 ta nuna iyakar wannan dogaro. Bayan farin da ya addabi Sahel, a watan Yuni kogin ya daina gudu a Yamai, ya koma kududdufai. Daga baya aka gina shingen Gudel don riƙe ruwan da matatun Gudel da Yantala ke tacewa su tura cikin gari. Tun daga nan ruwa ya ƙara zama abin lissafi. A unguwannin gefe da famfo bai kai ba, ko yake zuwa da tsakar dare, 'yan ga-ruwa ke kawo shi a kura, kowace jarka da kuɗinta. Mai wankin da ya bar kogi ya buɗe rumfar wanki da guga a cikin unguwa yakan gano cewa ribarsa tana cikin jarkokin ɗauraya: ya ƙara ɗaya, riba ta ragu, ya rage ɗaya, mai kaya ya yi ƙorafi. Shi ya sa har yau, duk da nisan da gari ya yi, ana ganin masu tura kaya zuwa gaɓa.

Injin wanki ya bi wannan hanyar ta wata fuska. Kamfanin Bendix a Amurka ya fitar da injin farko mai sarrafa kansa, mai ƙofa a gaba, a 1937. Injinan shekarun baya suna ɗauraya ne irin ta baho: su cika ganga, su juya, su zubar, su sake cikawa har sau uku ko huɗu, wanki ɗaya ya ci fiye da lita 100. Da tsadar ruwa da wuta da dokokin tsimi suka matsa wa masana'antu, sai aka koma ga matsa. Ganga mai juyi 1,200 zuwa 1,400 a minti tana barin ruwan da bai wuce kimanin rabin nauyin busassun kayan auduga ba, abin da hannu ba zai iya ba. Akwai kuma fesawa: yayin da ganga ke juyawa kaya sun manne da bangonta, sai bututu ya watso ruwa mai tsabta daga ciki, ƙarfin juyin ya ja shi ya ratsa yadi ya fita ta hudojin ganga da sabulun da ya kwaso. Ruwan ba ya tsayawa, balle ya mayar da datti. Injinan yau da yawa suna gama wanki da lita 40 zuwa 60. A taƙaice, injiniyoyi sun ƙirƙiro ruwa mai gudu a cikin akwatin ƙarfe.

Wani zai ce an ba ruwa matsayin da ya fi ƙarfinsa, domin abin da ya raya sana'ar shi ne arhar ƙwadago da filin shanya. Akwai gaskiya a nan, don ba a samun masu wanki inda ba a samun talakan da zai yi aikin. Amma arhar ƙwadago tana ko'ina a gari, fili da rana ma ba su yi wa Yamai ƙaranci ba, musamman a tudun da ke arewa da gabas. Da su ne ke jan sana'ar, da an ga dandalin masu wanki a can. A Abijan ma, inda ma'aikata 'yan Mali da Burkina da Nijar suka warwatsu a kowace unguwa, masu wankin da ake kira faniko a rafin Banko suka taru. A da, birnin Paris ma ya daɗe da kwale-kwalen wanki a kan kogin Sen. Ko'ina aka duba, ƙwadago ne ke tafiya inda ruwan ɗauraya yake.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: ruwan kogin ba mai tsabta ba ne. Magudanar Gunti Yena tana zuba masa ƙazantar tsakiyar gari, ga majemar Gamkalle, ga tsargiya da ke kama mai yini cikin ruwa, ga kumfar Omo da masu wankin kansu ke sakewa. Wannan duk haka yake, kuma yana nufin kyautar da kogi ke yi tana da farashi, wanda mai wanki ke biya da lafiyarsa, mutanen da ke ƙasa da gari su biya da ruwan da suke sha. Sai dai masu cewa inji zai warware wannan cikin sauri sun manta abin da fesawar ke bukata. Tana son famfo mai matsi da wuta mai tsayawa har zagaye ya ƙare. Yamai ta dogara da lantarkin Najeriya tun shekarun 1970, kuma da aka yanke layin a Agustan 2023 gari ya sha fama da ɗaukewar wuta. Injin da ruwa ya yanke masa a tsakiyar ɗauraya ya fi baho ɓarna. Ga kuma shadda mai sitaci da bugu, wadda masu ita ba sa yarda a jefa ta cikin ganga.

Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne cewa mai wanki zai bar kogi ne ranar da aka ba shi ruwan ɗauraya mai arha a wani wuri, kuma kora ko tsawa ba za su yi wannan aikin ba. Birnin Mumbai ya gane haka tun 1890, lokacin da aka gina Dhobi Ghat da kwamin siminti da ruwan famfo, wurin da har yau ake aiki a cikinsa. Yamai za ta iya gina irinsa a unguwanni, da tankin ruwa, da injin matsa na haɗin gwiwa mai aiki da hasken rana, da magudanar da ke tace ruwan sabulu kafin ya isa kogi. Injin matsa kaɗai, ko babu sauran na'urar, zai rage jarkokin ɗauraya sosai, domin kaya da aka matse da kyau ruwa kaɗan suke nema. Wannan ya fi kusa da aljihun gari fiye da jiran ranar da kowane gida zai mallaki injinsa, kuma yana barin sana'ar a hannun mutanen da suka riƙe ta kusan shekara ɗari.