Fuskar Hauren Giwa da Sunan da Ba a Rubuta Ba

A cocin Santo Domingo da ke birnin Quezon, daura da Manila, akwai mutum-mutumin Maryamu riƙe da jaririnta, wanda Kiristocin Filifin ke kira La Naval. Jikinsa katako ne, fuska da hannaye kuwa hauren giwa. An sassaƙa shi a 1593. Mun san wanda ya ba da aikin, wato gwamnan Sifaniya Luis Pérez Dasmariñas, mun kuma san limaman da aka miƙa wa shi. Wanda ya zauna ya kankare hauren har fuska ta fito, abin da ya iso mana game da shi bai wuce cewa Basine ne ba.

To aikin na wa ne? Na Turai, tunda addinin da siffar daga can suka zo? Na Sin, tunda hannun daga can ne? Ko na Filifin, inda aka yi shi, inda kuma yake zaune sama da shekara 400?

Kafin mu amsa sai mun duba yadda Manila ta zama mahaɗa. Sifaniyawa sun kama garin a 1571, kuma har zuwa 1815 manyan jiragen ruwansu na kai da kawowa tsakaninsa da Acapulco ta Meziko, galibi sau ɗaya a shekara. Su zo da azurfar nahiyar Amurka, su koma da siliki da tangaran. Inda azurfa take kuwa ɗan kasuwa ba ya jiran gayyata. Fatake da masu sana'a daga lardin Fujian na kudancin Sin suka yi ta tururuwa, har hukuma ta ware musu unguwa a bayan ganuwa mai suna Parian, a inda bakin igwa zai iya kai musu. A nan ne maƙera da masassaƙa da maɗinka da masu zane suka baje koli.

Sababbin coci-coci na bukatar siffofi, kawo su daga Turai kuma tafiya ce ta fiye da shekara. Sai limamai suka riƙa kai wa masassaƙan Parian samfuri: ƙaramin gunki ko hoton da aka buga a takarda a yankin Flanders. A 1590 bishop na farko na Manila, Domingo de Salazar, ya rubuta wa Sarki Filibus na Biyu wasiƙa yana yabon gwanintarsu, yana cewa da zarar sun ga aikin Basifaniye sai su fitar da irinsa sak, kuma nan gaba kaɗan ba za a yi kewar kayan Flanders ba.

Bishop ɗin ya ga kwaikwayo ne kawai. Wanda ya ƙura wa waɗannan siffofi ido zai ga abin da ya fi haka. Fatar idon ta yi nauyi ta sauko, goshi ya yi faɗi, a wuya akwai 'yan layuka irin waɗanda ake yi wa siffofin addinin Buda. Hannun da ya saba fitar da Guanyin, siffar jinƙai da ake girmamawa a Sin, shi ne ya fitar da Maryamu, kuma hannu ba ya mantuwa don an canza masa samfuri. Hauren ma yana da tasa maganar: tunda a lanƙwashe yake, jikin siffar sai ya ɗan karkata gefe guda, karkatar da daga baya ta zama alamar salon. Shi kansa hauren baƙo ne, wani daga Siyam da Kambodiya da Indiya, wani daga gabashin Afirka ta hannun 'yan Fotugal. Abin bai tsaya a hanya ɗaya ba. A garin Dehua na Fujian, masu tangaran suka riƙa fitar da farar Guanyin riƙe da yaro a cinya, wadda duk wanda ya gan ta sai ya tuna da Maryamu.

Yabo dai bai zama garkuwa ba. Shekara 13 bayan wasiƙar Salazar, a 1603, zargi da tsoro suka haifar da bore, aka kashe Sinawan Manila da aka ƙiyasta sun kai 20,000. Ba da jimawa ba garin ya rasa mai ɗinki da mai gasa burodi, aka shiga neman wasu su zo.

Mu da sana'armu ta rubuta manhaja ce mun san irin ɓarnar da gurbi ɗaya ke yi a rumbun bayanai. Idan ka tanadi fili guda ka ce "asali", dole mai cikewa ya zaɓi amsa ɗaya ya zubar da saura. Gidajen tarihi da yawa kan rubuta wa waɗannan siffofi "na Sifaniya da Filifin". Mai oda ya samu shiga, wurin aiki ya samu, mai aikin ya faɗo ƙasa.

Kada kuma a ɗauka mutanen tsibiran 'yan kallo ne kawai. Tulun Manunggul da aka gano a wani kogo a Palawan a 1964, mai mutum biyu cikin kwale-kwale a kan murfinsa, ya haura shekara 2,700. Siffar zinariya da aka tsinta a Agusan a 1917, wadda salonta na Hindu da Buda ne, tana nuna cewa tsibiran sun daɗe da hulɗa da sauran Asiya. Yau tana wani gidan tarihi a Chicago. A kudu, inda Musulunci ya riga Sifaniyawa isa, Maranawa na ci gaba da sassaƙa okir, adon ganye da lanƙwasa da suke yi wa ginshiƙan gidajen sarauta.

Suna ya fara bayyana sosai a ƙarni na 18. A 1734 aka buga shahararriyar taswirar Filifin da ake kira da sunan malamin Jesuit Pedro Murillo Velarde. Wanda ya zana ta a farantin tagulla ya sa hannu a ƙasa: Nicolás de la Cruz Bagay, ya kuma ƙara da cewa shi "Indio" ne, Batagale. Wannan ƙarin ba ƙaramin abu ba ne. Indio ita ce kalmar da masu mulki ke kiran ɗan ƙasa da ita, kuma akwai raini a cikinta. Kalmar "Filipino" a lokacin ta Sifaniyawan da aka haifa a tsibiran ce. Bagay ya ɗauki sunan da aka laƙaba masa ya kafa shi a kan aikin da ba wanda zai iya kushewa.

Shekara 150 bayan haka Juan Luna, haifaffen Badoc a 1857, ya kai maganar har Madrid. A birnin Rum ya zana Spoliarium, allo mai faɗin kusan mita 7.7 da tsayin sama da mita 4. Abin da ke ciki shi ne ɗakin ƙarƙashin filin wasan Rumawa, inda ake jan gawar mayaƙan da aka kashe don nishaɗin jama'a a tuɓe musu kaya. A baje kolin zane na ƙasar Sifaniya na 1884 ya ci lambar zinariya, ɗan ƙasarsu Félix Resurrección Hidalgo kuma ya ci ta azurfa. A liyafar da aka shirya musu, wani ɗalibin likitanci mai suna José Rizal ya tashi ya yi jawabi, ya ce baiwa ba ta da ƙasa, ya kuma fassara zanen a matsayin hoton al'ummar da ake zalunta. Shi ne wanda hukumar mulkin mallaka ta harbe a Manila a 1896.

A ganinmu nasarar Luna kaifi biyu gare ta. Babu itacen kwakwa ko fuskar Bafilifine a allon; salo da launi da labari duk na makarantun zanen Turai ne. Da gangan ne, domin wanda ya ce ba ka iya ba, a fagensa ake kayar da shi. Sai dai alƙalan gasar na Madrid ne, mudun awon ma nasu ne. Masassaƙin okir a bakin tafkin Lanao, komai gwanintarsa, ba shi da ƙofar shiga wannan zaure, aikinsa kuma an daɗe ana ajiye shi a sashen "kayan gargajiya", ba na fasaha ba.

Shi kansa allon bai ga Filifin ba a rayuwar mai shi. Hukumar lardin Barcelona ta saye shi a 1886, Luna ya rasu a Hong Kong a 1899. Sai a 1958 gwamnatin Franco ta ba da shi kyauta, kuma saboda girmansa sai da aka yanka shi gida uku kafin a ɗora shi a jirgi. An haɗa shi a Manila, kuma yanzu shi ne ke tarbar mai shiga babban zauren gidan adana zane na ƙasa.