Lasisin Bindiga da Shingen Bincike: Matsayin Mai Ƙaura daga Batsari da Safana zuwa Wata Jiha

Tsakure

Maƙalar ta duba matsayin mutumin Batsari ko Safana da ya ƙetara iyakar Jihar Katsina da bindiga, ya kuma faɗa hannun jami'ai a shingen bincike. An dogara da nassin Dokar Bindigogi ta 1959, da Tsarin Mulki na 1999, da abubuwan da suka faru a bainar jama'a. Binciken ya gano cewa bindigar da talaka ya fi riƙewa ita ce wadda izininta bai wuce iyakar jiha ba.

1.0 Gabatarwa

Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, wanda ya miƙe har cikin Zamfara. Suna cikin ƙananan hukumomi 8 na Katsina da hare-haren 'yan bindiga suka fi addaba. A Fabrairun 2020 an kashe kimanin mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. Tun daga lokacin, kai tun kafin nan, mutane ke barin gonakinsu zuwa Katsina, Dutsin-Ma, Kano ko Kaduna. Manomin da ya saba kwana da bindigar toka a gefen shimfiɗa ba ya barin ta a baya don ya yi ƙaura, haka ma mafarauci da ɗan sa-kai.

2.0 Abin da doka ta tanada

Tsarin Mulki ya sa makamai da harsasai cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa. Mai karatu zai zaci ke nan lasisi ɗaya ya isa daga Batsari har Fatakwal. Ba haka abin yake ba, domin Dokar 1959 ta kasa bindigogi gida 3.

Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da izininsu. A nan bindigogin yaƙi suke, kuma a nan ƙaramar bindiga take, wadda ake sokewa a ƙugu. Ko ƙirar maƙerin ƙauye ce, hukuncinta ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Don haka babu wani fom da ɗan Batsari ko Safana zai cika a ofishin 'yan sanda ya samu izinin ɓoye ƙaramar bindiga a jikinsa. Kashi na biyu bindigogin farauta ne masu harsashi, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, wanda ikonsa ya game ƙasa. Sai dai an rufe ƙofar: a 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya bayyana cewa an dakatar da ba da sabon lasisi.

Kashi na uku shi ne na bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin su harba-ruga. Dokar ta bar wa Kwamishinan 'Yan Sanda na kowace jiha, da yardar gwamna, ya fitar da umarnin hana riƙe su sai da izini, a jihar baki ɗaya ko wani yankinta. A fahimtar wannan bincike, takardar da ta samo ƙarfinta daga umarnin Katsina ba ta da wani nassi da ke tilasta wa jami'in Zamfara ko Neja ya karɓe ta.

3.0 Maganar gwamna da hukuncin shinge

A Agustan 2021, a Jibiya, Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya yi kira ga jama'a su nemi makamai su kare kansu. A Yunin 2022 Gwamna Bello Matawalle na Zamfara ya zarce haka, ya ce a raba fom 500 ga kowace masarauta daga cikin 19. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Ta fuskar doka Irabor ne ke da gaskiya. Amma mutumin ƙauye muryar gwamna ya ji a rediyo, bai ji sashe kaza na doka ba, kuma alƙali ba ya karɓar jawabin gwamna a matsayin lasisi.

Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa na Katsina ya ƙaddamar a Oktoban 2023, da Askarawan Zamfara na Janairun 2024, su ma dokar jiha ce ta kafa su. Jami'in da ya bi sawun ɓarayin shanu daga Safana ya kutsa Rugu har ya shiga ƙasar Zamfara ya fita daga inuwar dokar da ta ɗauke shi aiki, alhali dajin ba shi da alamar iyaka.

A shinge kuwa, doka ta wajabta wa mai lasisi ya nuna shi idan ɗan sanda ya nema. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce bincike sai da zargi mai dalili, kuma sutura ko kamannin mutum ba dalili ba ne. Inda nassi ya yi shiru, sai ra'ayin mai tsaron hanya ya zama hukunci: wani ya karɓi na goro, wani ya rubuta tuhuma. Mafi muni shi ne shingen da ba na hukuma ba. A Maris 2025, a Uromi ta Jihar Edo, 'yan banga suka tare mafarauta masu komawa Kano yin Sallah, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka kashe mutum 16.

4.0 Kwatanci da Amurka

A Amurka jihohi ne ke ba da izinin ɓoye ƙaramar bindiga, wasu suna amincewa da na juna, wasu ba sa yi. A 2013 an kama Shaneen Allen a New Jersey da lasisin Pennsylvania, bayan ita da kanta ta shaida wa ɗan sanda cewa tana da bindiga, sai a 2015 gwamnan New Jersey ya yi mata afuwa. Tsarin nasu yana da tarko, amma a rubuce yake, matafiyi na iya duba jerin jihohin kafin ya kama hanya.

5.0 Shawara

Wannan bincike ba ya goyon bayan a watsa wa jama'a ƙananan bindigogi, yankin ya riga ya cika da makami. Abin da ya dace shi ne Majalisar Tarayya ta gyara dokar da ta haura shekara 60, ta yi wa bindigar toka rajista guda mai aiki a duk ƙasa. Kafin nan, kwamishinonin Katsina, Zamfara, Kaduna da Kano su wallafa umarninsu da Hausa, su tanadi takardar sauya mazauni da mai ƙaura zai karɓa a ofishin 'yan sandan Batsari ko Safana, tare da shaidar hakiminsa, kafin ya hau mota.